Babi na Uku: Babba Na Bin Rubutu, Yaro Na Bin Hoto

Idan uwa ta ɗora ɗanta ɗan shekara uku a cinya ta buɗe masa littafi mai hotuna, mutum biyu ne ke karatu, kowa da abin da yake karantawa. Ita idonta yana kan layi, tana so ta kai ƙarshen shafi ta juya. Shi kuwa tuni ya nutse cikin zanen, yana ƙirga kajin da ke gindin bishiya, yana neman kyanwar da ya gani a shafin baya. A 2005 wasu masana biyu a ƙasar Kanada, Mary Ann Evans da Jean Saint-Aubin, suka sa na'urar da ke bin motsin ƙwayar ido a gaban yara 'yan shekara huɗu zuwa biyar, ana karanta musu labari. Da ƙyar idon yaran ke sauka a kan rubutu. Ko an ƙawata baƙin farko, ko an sauya wa rubutun wuri a shafi, idon yana can kan hoto.

Saboda haka duk mai son sanin abin da ƙananan yara ke jin daɗinsa a littafi, sai ya bar kujerar mai karantawa ya koma ta mai sauraro. Daga can, abu ɗaya ke ta fitowa a littattafan da suka daɗe yara ba su gaji da su ba: sun bar wa yaron aikin yi. Akwai abin da zai taɓa, ko ya nemo, ko ya faɗa kafin a faɗa, ko ya gani alhali mutanen cikin labarin ba su gani ba. Littafin da ya gama komai da kansa, ya bar yaro da zaman kallo, sau ɗaya ake karanta shi ya koma ƙarƙashin gado.

Aikin farko na hannu ne. A 1998 Judy DeLoache da abokan bincikenta suka bayyana abin da suka gani da suka ajiye littafin hotuna masu launi a gaban jarirai 'yan wata tara. Jariran suka yi ta shafa hoton, suna bubbuga shi, suna ƙoƙarin tsinko abin da ke ciki da yatsu. Don kada a ce wannan hali ne na 'ya'yan Amurka kaɗai, aka gwada da jariran ƙabilar Beng a wani ƙauye na Kodebuwa, inda hoton takarda ba abin yau da gobe ba ne, su ma haka suka yi. Kafin yaro ya kai wata goma sha tara ya daina yunƙurin ɗauka, ya koma nuni da yatsa yana ɗaga kai ya dubi babba, yana jira a gaya masa suna. Ya gano cewa hoton ayaba yana wakiltar ayaba ne, ba a ɓare shi. Wannan ba ƙaramin ilimi ba ne, don a kansa za a ɗora karatun baƙi daga baya.

Masu yin littattafai sun san da wannan ƙaiƙayin hannu tun kafin masana su auna shi. A 1940 Dorothy Kunhardt ta fitar da Pat the Bunny, wanda ta fara yi wa 'yarta. A ciki akwai zomo mai gashi mai laushi da za a shafa, da ɗan madubi, da fuskar uba da aka manna wa takarda mai kaushi irin wadda kafintoci ke goge katako da ita, don yaro ya ji ƙaiƙayin gemu. Har yau ana buga shi. A 1969 Eric Carle ya zo da The Very Hungry Caterpillar, labarin wata tsutsa mai ci ba ƙoshi. Litinin ta ci tuffa ɗaya, Talata 'ya'yan itace biyu, haka har Juma'a ta ci lemo biyar, ran Asabar ta afka wa kek da askirim da alawa da kankana har ciki ya murɗa mata, daga ƙarshe ta rikiɗe ta zama malam-buɗe-littafi. Duk abin da ta ci, Carle ya huda shafin a wurin, rami daidai ɗan yatsan yaro. A Japan aka fara buga littafin, don huda shafuka da yanka su tsayi daban-daban ya yi wa maɗaba'un Amurka tsada. An sayar da fiye da kwafi miliyan 50, an fassara shi zuwa harsuna sama da 60. Iyaye kan ce suna saye don yana koyar da ƙirga da sunayen ranaku. Gaskiya ne yana koyarwa. Amma ka duba hannun yaron: yatsansa yana cikin ramin, shi ne tsutsar.

Eric Hill ya ƙara wani mataki a 1980 da Where's Spot?, inda uwar wani ɗan kwikwiyo ke nemansa lokacin cin abinci. A kowane shafi akwai ɗan murfin takarda da yaro zai ɗaga: a cikin agogo maciji, a ƙarƙashin gado kada, a ƙasan matakala zaki. Yaron ya san sarai cewa kada ne ke ƙarƙashin gadon, ya gan shi jiya, ya gan shi shekaranjiya. Duk da haka sai ya ɗaga ya ƙyalƙyale da dariya. Wasan ɓuya ne da muke yi da jarirai da gefen mayafi, aka mayar da shi takarda.

A nan akwai togaciya. Wani bincike da Medha Tare da DeLoache da wasu suka buga a 2010 ya nuna cewa ƙananan yara sun fi koyon sababbin sunaye da bayanai daga littafi mai hoto zalla a kan mai abubuwan ja da buɗewa, don hankalinsu kan tafi wajen wasa da takardar. Ni abin da na ɗauka daga wannan shi ne a duba ko abin taɓawar yana cikin labarin ko liƙa shi kawai aka yi. Ramin Carle shi ne cin tsutsar, murfin Hill shi ne neman kwikwiyon. Littafin da aka cusa wa maɓalli mai kuka da ƙyalli a kowane lungu, abin wasa ne da aka yi wa bango, kuma batirinsa kan riga sha'awar yaron mutuwa, ko ita ta riga shi.

Sai maimaici, wanda shi ne ke gajiyar da iyaye. An rufe littafi ke nan, yaro ya ce, "A sake!" Uwa ta ce, "Haba, ba yanzu muka gama ba? Ɗauko wancan sabon da Baba ya sayo." Ya noƙe kafaɗa. A 2011 Jessica Horst da abokan aikinta a Jami'ar Sussex ta Ingila suka raba yara 'yan shekara uku gida biyu. Kashi ɗaya aka riƙa maimaita musu labari guda sau uku a zama, ɗaya kashin aka karanta musu labarai uku mabambanta. An saka ƙirƙirarrun sunaye na wasu baƙin abubuwa a cikin labaran, kuma kowane kashi ya ji sunayen adadi ɗaya. Waɗanda aka yi wa maimaici su suka riƙe sunayen. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A karatun farko yaro yana fama da wane ne wane, me zai faru. A na biyu ya huta da wannan, ya sami sukunin lura da ƙananan abubuwa. A na goma ya zama mai gida a cikin labarin. Gwada tsallake shafi ɗaya don ka yi saurin kwanciya, ka ga yadda zai kama hannunka ya mayar da kai.

Bahaushe bai kamata ya yi mamakin wannan ba. Tatsuniyoyinmu a kan maimaici aka gina su. Yarinya ta gamu da wannan, ta rera 'yar waƙarta, ta wuce. Ta gamu da wancan, ta sake rera ita dai waƙar. Kaka ba ta kai karo na uku sai jikoki sun karɓe amshi. Kuma babu yaron da ya taɓa cewa a daina ba shi labarin Gizo da Ƙoƙi don ya ji shi bara. Yaro ɗan shekara biyu ko uku yana rayuwa ne a duniyar da ba ya sanin abin da zai biyo baya: a ɗauke shi, a yi masa wanka, a kai shi unguwa, ba shawara. Littafin da ya haddace wuri ne da yake da tabbacin abin da ke tafe, har ya iya sanar da babba.

Daɗin da ya fi wannan shi ne yaro ya san abin da na cikin labarin bai sani ba, kuma a nan ne littafi mai hotuna ya yi wa tatsuniyar baka zarra, don baki ɗaya ba ya iya faɗin abu ya kuma ɓoye shi a lokaci guda. Misalin da ba a wuce shi ba shi ne Rosie's Walk na Pat Hutchins, 1968. Rubutun littafin kaf jimla ɗaya ce mai kalma 32, tana cewa wata kaza ta fita yawo, ta bi nan ta bi can, ta dawo gida lokacin cin abinci. Ba a ambaci kowa ba sai kazar. A cikin hoto kuwa, tun daga shafin farko yanyawa tana biye da ita. Ta yi tsalle za ta cafke ta, ta taka manjagara, ƙotar ta buge ta a fuska. Ta sake, ta faɗa kududdufi. Ta sake, ta nutse cikin tarin ciyawa. Buhun gari ya zube mata a ka, daga ƙarshe ta ture amya, ƙudan zuma suka raka ta. Kazar ba ta waiwaya ko sau ɗaya ba. Babba yana karanta jimlarsa cikin natsuwa, yaro yana tsalle a cinya yana ihu, "Ga ta nan a bayanki!" A wannan lokacin ya fi kazar sani, ya fi rubutun sani, yana ma zaton ya fi mai karanta masa sani. Mai hikima cikin manya sai ya yi kamar bai ga yanyawar ba, ya ce, "Ina? Ni ban ga komai ba," ya bar yaron ya nuna masa.

Dabarar ta iso nahiyarmu. A Handa's Surprise na Eileen Browne, 1994, wata yarinya 'yar ƙabilar Luo ta Kenya ta ɗauko kwandon 'ya'yan itace bakwai a ka za ta kai wa ƙawarta, tana tafe tana tunanin wanne ƙawar za ta fi so. Biri ya zare ayaba, jimina ta ɗauke gwaiba, giwa ta ɗauke mangwaro, raƙumin dawa ya ɗauke abarba, har kwando ya koma wayam ba ta sani ba, sai wata akuya ta tsinke igiya ta tunkuyi bishiya, lemo ya zubo ya cika shi. Atinuke, marubuciya haifaffiyar Nijeriya, ta juya abin a Baby Goes to Market na 2017, wanda Angela Brooksbank ta zana. Jariri goye a bayan uwarsa cikin kasuwa, 'yan kasuwa suna ta miƙa masa ayaba da lemo da cincin da gasasshiyar masara da kwakwa. Ya ci ɗaya, ya jefa sauran cikin kwandon da ke kan uwar, ita kuwa tana can tana ciniki. Duk wanda ya san yadda goyo ke karɓar kyauta ta bayan uwarsa a kasuwar Rimi ko ta Kurmi ya san marubuciyar ba ta ƙirƙiri komai ba. Yaron da ake karanta wa ya zama abokin sirrin jaririn, su biyu suna yi wa uwa wayo.

Mo Willems ya kai wannan iko matuƙa a 2003 da Don't Let the Pigeon Drive the Bus! Direban bas ya sauka, ya bar wa mai karatu amanar kada ya bar wata tattabara ta tuƙa motar. Tattabara ta yi roƙo, ta yi daɗin baki, ta yi alkawari, ta yi fushi, ta yi birgima. Yaron da ya wuni ana ce masa bari, sauka, ajiye, kar ka taɓa, yau shi ake roƙo, shi ke cewa a'a. Yana kuma gane kansa a jikin tattabarar, don salon nacin duk nasa ne.

Game da abin da za a zana, an taɓa yin doguwar jayayya a birnin New York. Lucy Sprague Mitchell, wadda ta kafa cibiyar da ta zama makarantar Bank Street, ta fitar da Here and Now Story Book a 1921, tana mai ra'ayin cewa ƙaramin yaro bai gama mamakin duniyar gabansa ba, balle a kai shi ta aljanu da 'ya'yan sarakuna. Takalminsa, cokalinsa, motar da ta wuce a titi, sun ishe shi labari. Anne Carroll Moore, shugabar sashen yara ta babban ɗakin karatun birnin, ta tsaya a kan tatsuniya da almara, tana ganin wancan salon ba adabi ba ne. Wata ɗalibar Mitchell, Margaret Wise Brown, ta rubuta Goodnight Moon a 1947, Clement Hurd ya zana: ɗan zomo a gado yana yi wa kayan ɗakinsa sai da safe ɗaya bayan ɗaya. Ba abin da ke faruwa. Ɗakin dai yana ƙara duhu daga shafi zuwa shafi, hannun agogo yana matsawa, wani ɗan ɓera yana sauya wuri, kuma yara kan gano ɓeran tun kafin iyaye su san da shi. Babban ɗakin karatun birnin bai sa littafin a kantarsa ba sai 1972, shekara 25 bayan fitowarsa, lokacin da iyaye suka riga suka yanke hukunci da kuɗinsu. A 2020, da ɗakin karatun ya cika shekara 125, ya bayyana littafin da aka fi ara a tarihinsa: The Snowy Day na Ezra Jack Keats, 1962, labarin wani yaro baƙar fata da ya fita wasa ranar da ƙanƙara ta sauka, ya sa dunƙulenta a aljihu, ya dawo gida ya tarar ta narke. Wannan ma labarin gaban ido ne.

Amma Moore ba ta yi kuskure gaba ɗaya ba. Yara suna son dodo. A 1963 Maurice Sendak ya fitar da Where the Wild Things Are: wani yaro mai suna Max ya yi ta ɓarna, uwarsa ta kora shi ɗaki ba abincin dare, ɗakin ya zama daji, ya shiga kwalekwale ya je ƙasar dodanni masu haƙora da farata, ya zare musu ido suka naɗa shi sarki. Sendak ya sa hotunan suna girma daga shafi zuwa shafi har suka kori rubutu, aka sami buɗi uku a jere na rawar dodanni ba kalma ko ɗaya, sannan suka sake ƙanƙancewa da Max ya juyo gida, inda ya iske abincinsa yana jiransa da zafinsa. Manya da yawa suka ce zai firgita yara. Masanin halayyar yara Bruno Bettelheim ya soke shi a wata mujalla a 1969, alhali ya amsa cewa bai karanta shi ba. Littafin ya ci lambar yabo ta Caldecott a 1964, yara kuma suka riƙe shi. Tsoron da yaro ke so shi ne wanda linzaminsa ke hannunsa: yana cinyar wanda ya yarda da shi, yana iya rufe shafin, ya kuma san ana dawowa gida. Dodon tatsuniya ma a tsakar gida ake jin sa, a jingine da kaka.

Launi kuwa an cika zuzuta shi. Jariri sabon haihuwa ya fi ganin fari da baƙi da fuskar mutum, kamar yadda gwaje-gwajen Robert Fantz suka nuna tun farkon shekarun 1960, amma wannan na watannin farko ne. Bayan nan abin da yaro ke nema shi ne hoton da zai gane, da fuskar da zai karanta fushi ko murna a kanta. Girman littafi ma abin dubawa ne. Beatrix Potter ta nace a buga The Tale of Peter Rabbit, 1902, ɗan ƙarami daidai hannun yaro, ya riƙe abinsa ya juya da kansa.

Abin da ban taɓa jin yaro ya nema ba shi ne darasin ƙarshe. Mu manya muna da ɗabi'ar ɓoye nasiha cikin labari kamar yadda ake ɓoye magani cikin kunu, yaro kuwa kurɓa ɗaya yake yi ya gane. Wannan ba ya nufin littafi ba ya tarbiyya. Max ya ga cewa uwa tana fushi ta kuma ajiye maka tuwo. Tsutsa ta ci abin da ya fi cikinta ta ji jiki. An nuna, ba a tsaya an yi wa'azi ba, kuma yaron ya ɗauka ba tare da an tambaye shi "me ka koya?" ba.

A Hausa muna da gadon littattafan makaranta mai daraja, daga Ka Koyi Karatu zuwa Magana Jari Ce na Abubakar Imam da Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, har zuwa jerin Mu Karanta! da aka yi amfani da shi a firamarorin Sakkwato da Bauchi. Dukkansu an yi su ne don yaron da ya shiga aji, hoto a cikinsu ɗan rakiyar rubutu ne. Na ɗan shekara biyu, wanda hoto ke jan ragama, shi ne ke da wuyar samu a shagunan littattafanmu, alhali shi ne littafin da ko kakar da ba ta yi boko ba za ta iya buɗewa da jikanta, ta ba da labarin daga zanen. Shafukan intanet na African Storybook na Afirka ta Kudu da StoryWeaver na Indiya suna da labarai da Hausa kyauta, amma da yawansu fassara ce, hoton na wata ƙasa ne. Marubutanmu da masu zanenmu su haɗa kai su yi namu, mai ɗauke da zaure da rumbu da akuyar da ke satar dusa a bayan mai gida. Wanda ya rubuta, kafin ya kai maɗaba'a ya zaunar da ɗan shekara uku ya karanta masa. In an rufe bai ce a sake ba, a koma a gyara.